Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Shekarar Ƙwallon Kwando Daga Unguwar Plumstead

Daren Babbar Sallah, wayewar garin Juma'a 6 ga Yunin 2025, ban runtsa ba. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare agogon Landan aka jefa ƙwallo sama a birnin Oklahoma, aka buɗe wasannin ƙarshe na gasar NBA tsakanin Oklahoma City Thunder da Indiana Pacers. Na rage sautin talabijin don kada in tashi mutanen gida, na zauna da shayina. Tun daga farko Oklahoma ke gaba, har ta kai ratar maki 15 a kashi na huɗu, kuma Indiana ba ta wuce gaba ko sau ɗaya ba. Saura ƙasa da daƙiƙa guda a tashi, Tyrese Haliburton ya ja ƙwallo zuwa dama, ya yi tsalle ya sake ta, ta faɗa kwando. Aka tashi 111 da 110. Na leƙa taga, gabas ta fara haske, domin a watan Yuni daren Landan bai fi tsawon tabarmar yaro ba.

Da hantsi, a bakin masallacin Greenwich Islamic Centre da ke kan titin Plumstead Road, na ga samari cikin manyan riguna da jallabiyoyi, idanunsu jawur irin nawa, ɗaya yana nuna wa 'yan'uwansa yadda Haliburton ya karkata jiki kafin ya jefa. Akwai 'ya'yan 'yan Najeriya a cikinsu, da na Somaliyawa, da na mutanen Gambiya. A nan na tabbatar ba ni kaɗai nake wannan kwanan zaune ba.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi wataƙila bai taɓa jin sunan Plumstead ba, amma ya san ɗiyarta. A nan kudu maso gabashin Landan, a gefen Woolwich, ma'aikatan masana'antar makamai ta Royal Arsenal suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a 1886. Sun yi wasa a filin Plumstead Common, suka daɗe a Manor Ground, sai a 1913 suka kwashe kayansu suka tsallaka kogin Thames zuwa Highbury. Arsenal ɗin da ake taruwa kallo a gidajen kallo na Fagge da Tudun Wada, cibiyarta a wannan unguwa aka binne. Unguwa ce ta masu neman na kansu: direbobin bas, ma'aikatan jinya, masu gadi, masu kantunan doya da manja. Idan ka hau bas mai lamba 422 daga babban titinta, ba za ka sauka ba sai a North Greenwich, a ƙofar babban zauren O2. A zauren nan Amurka ta doke Sifaniya 107 da 100 ta ɗauki zinaren Olamfik a 2012. A nan aka buga wasan kakar NBA na farko a nahiyar Turai a watan Maris na 2011, aka ci gaba da zuwa har Janairun 2019. Tafiyar ba ta da nisa a bas. Amma yaron Plumstead da ke son ya taka dandamalin nan a matsayin ƙwararre, kusan dole hanyarsa ta bi ta Amurka. Duk abin da na gani a wannan shekara, a kan wannan magana yake komowa.

Azumi da gasar jami'o'i

A Amurka, watan Maris na jami'o'i ne. A 2025 ƙungiyoyi 68 suka shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale ta hukumar NCAA, wanda aka doke sau ɗaya ya tattara ya koma gida. Gasar ta kuma faɗo daidai goman ƙarshe na Ramadan, sai ta zama abokiyar hira tsakanin tarawihi da sahur. Masu son ganin ƙaramin zakara ya kayar da babba ba su samu yadda suke so ba, domin manyan huɗun da aka ɗora a sama tun farko, Florida da Houston da Duke da Auburn, su ne suka kai matakin kusa da na ƙarshe a San Antonio. Sau ɗaya hakan ta taɓa faruwa kafin nan, a 2008.

Zuciyata tana tare da Houston, kuma dalilina ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar Hakeem Olajuwon ce, ɗan Legas ɗin da iyayenmu ke ba mu labarin yadda yake buga NBA da azumi a bakinsa. Sau biyu ya kai ta wasan ƙarshe, a 1983 da 1984, sau biyu kofin ya kuɓuce. Da Houston ta farfaɗo daga ratar maki 14 ta fitar da Duke da ci 70 da 67, na ce to, bashin shekara arba'in zai biyu. A daren 7 ga Afrilu ta ba Florida ratar maki 12 a kashi na biyu, kuma tauraron Florida, Walter Clayton Jr., bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutun rabin lokaci. Sai abu ya juya. A harin ƙarshe, Emanuel Sharp na Houston ya yi tsalle zai jefa, ya ga Clayton ya taso masa, ya saki ƙwallon ƙasa, kuma doka ta hana shi sake taɓa ta. Haka ya tsaya yana kallonta tana tsalle lokaci yana ƙarewa. Florida 65, Houston 63. Kocin Houston, Kelvin Sampson, dattijo mai shekara 69, ya daɗe tsaye bai motsa ba. Na ji masa ciwo ƙwarai.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne dogon da ke tsaron ƙarƙashin kwandon Florida, Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya ne. Daga makarantar horon NBA da ke Saly a Senegal ya fito. A ɓangaren Duke kuma akwai Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya tashi a Yuganda, shi ma ɗalibin Saly. Mu nan mun riga mun san shi, domin yana cikin tawagar ƙasarsa da ta zo O2 a Yulin 2024 ta kusa kunyata Amurka, sai da LeBron James ya ƙwace wasan a daƙiƙoƙin ƙarshe, 101 da 100. A zaɓen sabbin 'yan wasan NBA na watan Yunin 2025, shi aka kira na 10, ya tafi Phoenix yana hawaye.

A gasar mata, Connecticut ta lallasa South Carolina 82 da 59 a Tampa ranar 6 ga Afrilu, kofi na 12 ga koci Geno Auriemma, kuma Paige Bueckers ta samu abin da raunuka suka hana ta shekara da shekaru.

Sai dai wasan da ya fi kowanne nauyi a ɗakin shari'a aka buga shi. A ranar Sallar nan da na ambata, 6 ga Yuni, mai shari'a Claudia Wilken ta Kalifoniya ta amince da sulhun da ya rushe tsohuwar ƙa'idar da ta ce ɗalibi ba ya karɓar albashi. Za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Tun 2021 aka ba ɗalibai damar cin kuɗin talla da sunansu da hotonsu, yanzu kuma makarantar da kanta ke biya. Ina ganin adalci ne. Shekara nawa ana cika filaye, ana sayar da haƙƙin nunawa a talabijin da biliyoyi, masu horarwa suna kwasar miliyoyi, yaran da ke zubar da gumi kuwa a sallame su da kuɗin makaranta da abinci? Amma iyaye a Plumstead da Kaduna su lura da wani ƙulli: ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu, dokar shige da fice ta taƙaita masa aikin kuɗi, don haka abin da abokinsa Ba'amurke zai karɓa hankali kwance, shi sai an bi ta hannun lauyoyi. Kuma tunda kuɗi ya shigo, ɗan wasa na iya sauya jami'a kowace shekara, wanda bai taka rawar gani ba a nuna masa ƙofa. Digirin da ake cewa shi ne ribar tafiyar, yanzu sai yaro ya dage kafin ya fito da shi.

Shekarar agara

A NBA, girgizar farko ta zo ne da asubahin Lahadi 2 ga Fabrairu. Mun tashi muka tarar Dallas ta miƙa Luka Doncic, matashi mai shekara 25 da ya kai ta wasan ƙarshe watanni takwas kafin nan, ga Los Angeles Lakers, ta karɓi Anthony Davis. Da yawa sun ɗauka an yi wa ɗan jaridar da ya fitar da labarin kutse a shafinsa. Magoya bayan Dallas suka fito zanga-zanga a ƙofar filinsu. Sai ga ikon Allah, ƙuri'ar zaɓen farko ta faɗo wa Dallas duk da damarta ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, ta ɗauki Cooper Flagg na Duke. Hakan bai ceci manajan da ya ƙulla cinikin ba, Nico Harrison, wanda aka sallama a Nuwamba.

Oklahoma ta ci wasa 68 cikin 82. Shai Gilgeous-Alexander, ɗan Kanada, ya fi kowa maki, 32.7 a kowane wasa, ya zama gwarzon kaka, ya zama gwarzon wasannin ƙarshe. Salon wasansa ba na hayaniya ba ne. Yana tafiya kamar mai tsallake kwata da farar shadda, ya dakata, ya karkace, mai tsaronsa ya wuce, shi kuma ya jefa daga tsakiyar fili. Zuwa 2025, shekara bakwai ke nan a jere kambun gwarzon kaka bai faɗa hannun haifaffen Amurka ba: Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, sau biyu, Nikola Jokic na Sabiya sau uku, Joel Embiid na Kamaru, sai kuma Shai. Ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne kuma suka ɗauki kofi a waɗannan shekaru bakwai.

Amma idan aka ce in ba shekarar suna, zan kira ta shekarar agara. Damian Lillard na Milwaukee, agararsa ta tsinke a Afrilu. Jayson Tatum na Boston, tasa ta tsinke a Mayu. Sannan a wasa na bakwai, daren 22 ga Yuni, Haliburton, wanda ya shigo da ciwon sha-raɓa ya ƙi zama, ya ci maki tara cikin 'yan mintuna, ya yunƙura zai kutsa, ya faɗi yana dukan ƙasa da tafin hannu. Indiana ta yi ta maza har ta je hutu tana gaba da maki ɗaya, amma ƙarfi ya ƙare, Oklahoma ta ci 103 da 91, kofinta na farko tun da ƙungiyar ta baro Seattle a 2008. Ban yi murna ba a wannan dare. Wasan zamani gudu ne ba tsayawa, da birki da juyi a kan ƙafa ɗaya, sau 82 kafin ma a shiga zagayen neman kofi, kuma ba na jin jikin ɗan Adam zai ci gaba da ɗaukar wannan kaya ba tare da an rage yawan wasanni ba.

Kwana biyar bayan haka wani labari ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Toronto Raptors ta rabu da shugabanta, Masai Ujiri. A Bournemouth ta Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan da ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello har kowa ya san shi da OBJ. Masai ne ya haɗa tawagar da ta kai wa Kanada kofinta na farko a 2019. Shi ya zaɓo Pascal Siakam na Kamaru a lamba 27 a 2016, wanda a 2025 ya zama gwarzon wasannin da suka kai Indiana zagayen ƙarshe. Shi ya zaɓo OG Anunoby a lamba 23 a 2017, wanda a 2025 ya taimaka wa New York Knicks ta kai wasan ƙarshe na shiyyar gabas karon farko tun 2000. Idon da ya ga waɗannan yara tun ba su zama kowa ba, a filin Samaru aka wanke shi.

Gida bai ƙoshi ba

Anunoby haifaffen Landan ne, iyayensa 'yan Najeriya, kuma yaran unguwarmu suna ƙirga shi a nasu. Amma yana ɗan shekara huɗu aka tafi da shi jihar Missouri. Amari Williams na Nottingham, wanda Boston ta samu a lamba 46 a 2025, sai da ya yi shekara huɗu a jami'ar Drexel da ɗaya a Kentucky. Luol Deng, wanda ya fi kowane ɗan Birtaniya suna a wasan, a Brixton ya koya a hannun marigayi Jimmy Rogers, amma yana ɗan shekara 14 ya ƙetare teku. Temi Fagbenle, wadda ta tashi a Landan ta kuma buga wa sabuwar ƙungiyar Golden State Valkyries a 2025, ta Harvard ta bi. Kowannensu sai da ya bar gida.

Dalilin ba ya ɓuya. A 2014 hukumar UK Sport ta janye tallafinta daga ƙwallon kwando saboda ba ta hango lambar Olamfik a ciki, alhali wasan na cikin waɗanda yaran birane suka fi bugawa bayan ƙwallon ƙafa. Da gwamnati ta ja baya, sai 'yan kasuwa suka shigo. Kamfanin 777 Partners na Miami, wanda ya so sayen Everton, ya mallaki London Lions ya kuma sayi kashi 45 cikin 100 na gasar ƙasar. An yi ta ɓarin kuɗi, har matan Lions suka doke Besiktas suka ɗauki kofin EuroCup a zauren Copper Box a Afrilun 2024. Ba a rufa watanni ba kamfanin ya durƙushe, aka ƙwace lasisin gasar, ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa sabuwa mai suna Super League Basketball, wani kamfanin Lituweniya mai suna Tesonet ya ceci Lions. A kakar farko Lions ta ƙare a saman tebur, Leicester Riders kuma ta doke Newcastle Eagles a wasan ƙarshe a O2 cikin watan Mayun 2025.

Ana murna an tsira, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Hukumar wasan ta Birtaniya ta ɗauki lasisin shekara 15 ta ba wasu masu zuba jari ƙarƙashin Ba'amurke Marshall Glickman, ƙungiyoyin suka ce ba su san zance ba, aka dunguma kotu. A Oktoba hukumar duniya, FIBA, ta dakatar da hukumar Birtaniya. A Nuwamba hukumar ta sanar cewa kuɗinta ya ƙare, za ta rufe. A tsakiyar wannan rikici ne tawagar maza ta je gasar Turai, Jamus ta yi mata 120 da 57, kodayake ta samu ta doke Montenegro, nasararta ta farko a gasar tun 2013. Jamus ɗin ce ta ɗauki kofin a Riga, a ƙarƙashin jagorancin Dennis Schröder, Musulmi ɗan wata 'yar Gambiya. Ga ƙasar da ta gina wa 'ya'yan baƙinta tsani a cikin gida.

Duk wanda ya bi labarin ƙwallon kwandon Najeriya zai ce ai wannan tatsuniyar gidanmu ce. Mun ga shugabanni biyu suna jayayya kan hukuma ɗaya tun 2017, mun ga gasar cikin gida ta yi shekaru tana tangal-tangal, mun ga Kano Pillars, wadda ta zo ta uku a gasar zakarun Afirka a Alƙahira a 2016, an daina jin ɗuriyarta a nahiyar. Duk da haka tawagar matan Najeriya, D'Tigress, ta je Abidjan ta doke Mali 78 da 64 ranar 3 ga Agusta, kofin Afirka na biyar a jere, a hannun koci Rena Wakama, da Amy Okonkwo a matsayin gwarzuwa, da Murjanatu Musa tana kokawar ƙwallo a ƙarƙashin kwando. Na yi tsalle a falo kamar yaro. Amma kusan dukkansu a ƙasashen waje suke wasa, da yawansu ma jami'o'in Amurka ne suka rene su. Mali kuwa, wadda mazanta ma suka kai wasan ƙarshe kafin Angola ta doke su a Luanda, ta daɗe tana zuba ƙarfinta a kan ƙananan yara, kuma ga amfanin gonar ya fara nuna.

A nan Plumstead, inda yaro zai buga kyauta shi ne filayen nan masu shingen waya da ke tsakanin gidajen ƙaramar hukuma, kwandonsu sau da yawa ba raga, ƙasansu kwalta. Da rani suna cika har tara na dare. Amma daga Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, ga ruwa ga sanyi, sai wasa ya koma cikin zaure, zaure kuwa haya ake biya da awa, kuma sai an yi layi da masu badminton da masu ƙwallon ƙafar cikin ɗaki. Uwar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ga kuɗin rajista, ga takalmi, ga kuɗin jirgin ƙasa zuwa wasan waje, ina za ta sa kanta? Na san masu horarwa na sa-kai da ke cire kuɗin zauren daga aljihunsu don kada a kori yara. Irin aikin da Rogers ya yi a Brixton ke nan, irin wanda OBJ ya yi a Zariya, kuma babu sunansu a ko ɗaya daga cikin takardun da lauyoyi suka yi ta musaya a 2025.

Ga kuma wata damuwa da ke bin yaran har cikin aljihu. A Oktoba jami'an tsaron Amurka suka kama kocin Portland, Chauncey Billups, da ɗan wasan Miami, Terry Rozier, kan zarge-zargen da suka shafi caca, aka kai maganar gaban kotu. Wanda ya bi babban titin Plumstead ya ga shagunan caca, ya kuma san kowace waya yanzu shago ce, zai fahimci abin da ya sa gabana ya faɗi. Matashin da ya raba dare yana kallon wasa, tallar caca na biye da shi a kowane hutu.

Tun a watan Maris na 2025 shugaban NBA, Adam Silver, ya tsaya tare da jami'an FIBA ya ce suna nazarin kafa sabuwar gasa a Turai, kuma Landan na cikin biranen da ake ambata. Aka kuma sa ranar 18 ga Janairun 2026 domin Memphis Grizzlies da Orlando Magic su kara a O2, dawowar NBA ta farko bayan shekara bakwai. Na yi maraba da su, na kuma so a ce cikin ribar daren nan an ware abin da zai buɗe zauren makarantar sakandare ɗaya a Plumstead ko Thamesmead kowace yamma, kyauta, daga Nuwamba zuwa Maris, da koci mai albashi a ciki. Na duba kuɗin tikitin, na san yawancin samarin da na gani a bakin masallaci ranar Sallah ba za su shiga ba. Wasu dai sun ce za su hau 422 su je bakin zauren, ko Allah zai sa su hango 'yan wasan suna saukowa daga mota.